Yadda ake cin moriyar bitar kwana biyu ta ɗaukar hoton tafiye-tafiye a babban birni

Bitar ɗaukar hoto ta ƙarshen mako kwana biyu ce, Asabar da Lahadi. Idan aka cire hutu da zirga-zirga, 'yan awanni ne ke rage na karatu da fita titi. Sun isa mutum ya fahimci yadda ake sarrafa haske, ya koyi yadda ake duban wuri kafin a danna, a kuma duba masa aikinsa a nuna masa inda yake kuskure. Ba su isa a zauna ana laluben inda madanni kaza yake a jikin kyamara ba. Wanda ya je bai san kyamararsa ba, rabin Asabar ɗinsa a nan zai tafi. Shi ya sa aikin ke farawa tun mako guda kafin ranar.

Zaɓen bitar

Kafin ka yi rajista, tambayi mutum nawa ne ke hannun malami ɗaya. Idan sun haura goma, da wuya ya samu leƙa allon kowa a kan titi, alhali leƙawar nan ita ce karatun. Tambayi awa nawa za a yi a waje. Abin da ya dace aƙalla rabin lokacin ne, kuma ya haɗa da faɗuwar rana. Tambayi ko akwai zaman duba hotunan ɗalibai a babban allo. In babu, lacca ce kawai, ita kuwa ana samun irinta kyauta a intanet. Sannan ka nemi ganin hotunan da malamin ya ɗauka a titi da wuraren tafiya. Gwanin situdiyo, inda shi ke kunna fitila ya kashe, ba lallai ne ya iya koyar da aiki da hasken da ba a hannunsa yake ba.

Shirin kyamara da jaka

Sauke littafin bayanin kyamararka a waya. Daga nan ka riƙa maimaita abu biyar har yatsunka su iya su ba tare da ka sauke kyamarar daga ido ba: juya 'yar tayar zaɓen yanayin aiki, canza ISO (ƙarfin da kyamara ke ƙara wa hasken da ta samu), ƙara ko rage haske da madannin da ke da alamar +/-, matsar da ɗigon fokos (wanda ke nuna inda hoto zai fito da kaifi), da zuƙo hoton da ka ɗauka zuwa kashi 100 don duba kaifinsa.

Idan aro ka yi ko ta hannu ka saya, mayar da saitinta yadda ta fito daga kamfani, domin ba ka san abin da mai ita na baya ya taɓa ba. Gyara kwanan wata da agogo. Zaɓi ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil mai riƙe duk bayanan da kyamara ta ɗauko, haɗe da JPEG, wato hoton da ta riga ta sarrafa. Kunna layukan da ke raba allo gida tara, da histogiram (zanen da ke nuna rabon haske da duhu a hoto), da gargaɗin da ke sa wurin da haske ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa. Akwai wata 'yar taya ƙarama a gefen tagar leƙe, ta daidaita tagar da ƙarfin idonka ce. Juya ta har lambobin da ke ciki su fito fes. Masu koyo da yawa na zargin lensi da dishi-dishi, ashe wannan tayar ce ta goce a cikin jaka.

Kyamara mai megafiksal 24 takan fitar da fayil ɗin RAW na kusan megabait 25 zuwa 30, JPEG kuma kusan 10. Katin memori mai gigabait 64 zai ɗauki kimanin hoto 1,500 a haɗe. Kati biyu masu 64 sun fi guda mai 128, don idan ɗaya ya lalace ba duka aka rasa ba. Kwashe abin da ke kansu, sannan ka yi musu fomat a cikin kyamarar, ba a kwamfuta ba, domin kyamarar ta shimfiɗa nata tsarin folda. Batir kuwa, kyamara marar madubi tana cinsa sosai tunda allonta ko tagar leƙenta kullum a kunne suke. Tafi da biyu ko uku cike da caji, da cajar.

Lensin da ya zo da kyamarar, irin 18-55mm, ya wadatar da duk darasin. In kana da 35mm ko 50mm mai f/1.8, wato mai babbar ƙofar shigar haske, haɗa da shi saboda dare da hoton mutane. Sa wa lensin hularsa, tana tare hasken da ke shigowa ta gefe tana kuma kare gilashin daga karo. Sauran kayan: ƙyallen goge gilashi, 'yar robar hura iska, ƙafar kyamara mai ƙafa uku, kwamfutar tafi-da-gidanka da aka riga aka sa wa manhajar gyaran hoto kuma aka gwada ta buɗe RAW ɗin kyamararka, da takalmin da ƙafarka ta saba da shi. Sabon takalmi ya sha hana mutane fitar yamma.

Safiyar Asabar: haske

Abu uku ne ke yanke yawan hasken hoto. Na farko ƙofar lensi, wadda ake aunawa da lambar f. Na biyu gudun shata, wato tsawon lokacin da ake barin haske ya faɗa kan sensa, farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara. Na uku ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa abin da sensa ta samu ƙarfi. Dukkansu da ma'auni ɗaya ake lissafa su, mataki, kuma kowane mataki ninki ne ko rabi.

Matakan ƙofa su ne f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Abin da ke rikita mutane shi ne ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa: f/2.8 tana shigo da ninki biyu na hasken f/4. Matakan shata su ne 1/30, 1/60, 1/125, 1/250, 1/500, 1/1000 na daƙiƙa. Na ISO kuma 100, 200, 400, 800, 1600, haka har sama. Saboda haka f/8 da 1/125 da ISO 200 haskensu ɗaya ne da f/5.6 da 1/250 da ISO 200, haka kuma ɗaya ne da f/8 da 1/250 da ISO 400. Hasken ɗaya, hoton daban. A na biyu bayan hoton zai ɗan ƙara laushi kuma motsi zai fi tsayawa. A na uku motsin zai tsaya, zurfin kaifin ya zauna yadda yake, sai dai ɗige-ɗige su ɗan ƙaru a cikin inuwa. Duk abin da ka samu a gefe guda, ka biya a wani gefen. Aikinka shi ne ka san wanne za ka iya biya a hoton da ke gabanka.

Ga mai tafiya, yanayin da ya fi amfani shi ne wanda kai ke zaɓen ƙofa, kyamara ta zaɓi sauran. Canon na rubuta shi Av, Nikon da Sony kuma A. Haɗa shi da ISO mai sarrafa kansa, ka sa masa iyaka 6400, ko 3200 in kyamarar tsohuwa ce, sannan ka ce kada shata ta yi ƙasa da 1/250 muddin akwai mutane a titi. Akwai masu cewa sai wanda ke aiki da M, yanayin da mutum ke saita komai da kansa, shi ne mai hoto na gaske. Wannan magana ba ta da amfani a titi, inda taku uku ke fitar da kai daga rana zuwa inuwar bene. M tana da wurinta, za mu zo kansa da dare.

Dishi-dishi kala uku ne, kuma wajibi ne ka iya bambanta su tun a kan allo, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Zuƙo hoton zuwa kashi 100. Idan komai ya gurɓace har da bango da sandar fitila, kuma layuka sun zama bibbiyu, hannunka ne ya girgiza. Idan bango ya fito garau amma mutumin ya shafe, motsinsa ne ya fi shata sauri. Idan kuma wani abu daban ya fito da kaifi, kamar motar da ke bayansa, fokos ne ya sauka a inda ba a nufa ba.

Maganin girgizar hannu tsohuwar ƙa'ida ce: kada shata ta yi ƙasa da ɗaya bisa tsawon lensi. Sai dai a yi la'akari da girman sensa. A kyamarori masu matsakaiciyar sensa da ake kira APS-C ana ninka tsawon da 1.5, na Canon da 1.6, masu ƙaramar sensa ta Micro Four Thirds kuma da 2. Ke nan lensin 50mm a kan APS-C yana son 1/80 ko sama, na 200mm kuma 1/320. Na'urar hana girgiza da ke cikin lensi ko jikin kyamara tana ba da sassaucin 'yan matakai, amma hannunka kaɗai take gyarawa, ba ta tsayar da mai tafiya. Wanda ke zaune yana magana na buƙatar 1/125, mai tafiya a ƙasa 1/250, keke ko mota 1/1000. Riƙon ma na da tasiri: hannun hagu a ƙarƙashin lensi, gwiwoyin hannu manne da haƙarƙari, ka danna a hankali bayan ka sauke numfashi.

A fokos, zaɓi ɗigo guda ka ɗora shi inda kake so da kanka. In ka bar wa kyamara zaɓi, abin da ya fi kusa ko ya fi bambancin launi take kamawa. Ga abin da ke tsaye yi amfani da AF-S, wanda Canon ke kira One Shot. Ga mai motsi AF-C, wato Servo a Canon. A hoton fuska fokos kan idon da ya fi kusa da kai yake zama. Sababbin kyamarori na gano ido da kansu, kunna wannan in akwai. Kuskuren da sabon mai lensin f/1.8 ya fi yi shi ne ɗaukar komai a f/1.8, har da mutum huɗu a jere biyu, sai na gaba su fito na baya su narke. Rukuni na son f/5.6 zuwa f/8. Gine-gine da shimfiɗar gari f/8 zuwa f/11. Kada ka ɗauka f/22 zai fi kaifi; idan ƙofa ta ƙanƙance sosai haske yakan bazu a gefenta, hoton duka ya yi laushi.

Sai ma'aunin haske. Kyamara ba ta san me ke gabanta ba, burinta kawai ta mayar da komai tsaka-tsaki, ruwan toka. Nuna mata farin bango, sai ta rage haske bangon ya fito da dauɗa. Nuna mata titi da dare, sai ta ƙara har duhun ya koma toka-toka, fitilu su ƙone. A nan madannin +/- ke aiki: wuri mai yawan fari ƙara +1, wuri mai yawan duhu rage zuwa -1. Kada ka amince da allo a cikin rana, histogiram za ka duba. Hagunsa duhu ne, damansa haske. Idan tudun ya jingina da bangon dama ya hau, akwai wurin da ya ƙone ya zama fari fat, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi. Inuwa ana iya ɗago ta mataki biyu ko fiye a RAW, a biya da ɗige-ɗige. Dalili kuwa, JPEG na riƙe matakin haske 256 ne kacal a kowane launi, RAW mai bit 14 kuma 16,384.

Wani yanayi da ya kamata ka roƙi malami ya gwada da kai shi ne mai duhun fata sanye da fararen kaya a cikin rana. Tazarar da ke tsakanin hasken rigar da na fuskar takan fi ƙarfin sensa: ka gyara fuska riga ta ƙone, ka gyara riga fuska ta nutse. Saiti ba ya warware wannan, wuri ake canzawa. Matsar da shi bakin inuwa, fuskarsa na kallon inda haske ke fitowa, ka rage har rigar ta daina ƙyaftawa a allo, sannan a ɗago fuskar kaɗan wajen gyara.

Fitar rana

Rana tsaka haskenta daga sama yake dukan kai, ya bar ramin ido baƙi. Amma babban birni na da abin da fili ba shi da shi: dogayen benaye na yanka haske su zuba shi a titi yanki-yanki, gilasansu kuma na mayar da shi cikin lungunan da ke inuwa. Nemi inda rana ta faɗo kamar tabarma a tsakiyar inuwa, ka auna haske a kan wurin mai rana, ka bar inuwar ta yi baƙi, ka jira wani ya ratsa.

Wannan jiran shi ne babban darasin titi. Mai koyo yakan bi mutane yana harbi, sai ya dawo da hotunan ƙeya da bayan da ya cakuɗe. Wanda ya san aiki bayan hoton yake fara zaɓa, wato bango mai kyau ko ƙofa ko matakala, ya daidaita firam da fokos, ya tsaya minti biyar ko goma har wanda ya dace ya shigo. Kafin ka danna, zagaya da idonka gefuna huɗu na firam. A nan rabin mota da kwandon shara da sandar da ta tsiro daga kan mutum ke ɓuya. Taku ɗaya zuwa hagu ko durƙusawa yakan kawar da su. Ƙa'idar ɗora abin da ake nufi a kan layukan kashi uku, waɗanda ke raba allo gida tara, mafari ce mai kyau, ba doka ba; gini mai ɓangarori biyu iri ɗaya a tsakiya ya fi zama. Hoton wuri yana samun zurfi idan akwai abu a gaba, abu a tsakiya, abu a can nesa.

Idan ka ɗaga kyamara sama don bene ya shiga duka, layukansa za su karkata su haɗu a sama kamar zai faɗi ta baya, kuma lensi mai faɗi ya fi tsananta hakan. Ja da baya, ka zuƙo, ka riƙe kyamarar a miƙe. In babu wurin ja, bar sarari a gefuna domin manhaja za ta yanke su yayin miƙe layukan. Filtar da ke kashe ƙyalli, wadda ake juyawa a bakin lensi, tana cire walƙiyar gilashi da ruwa ta kuma ƙara wa sama shuɗi, musamman idan rana na gefenka. Tana cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, don haka cire ta da yamma.

Game da mutane: in fuskar mutum ita ce hoton, nemi izininsa. Gaisuwa da nuna kyamara sukan wadatar ko da ba ku jin yaren juna. In ya ƙi, sauke kyamarar ka yi godiya ka wuce. In ya yarda, kada ka ɗauki guda ɗaya ka gudu. Na farko kullum a sandare mutum yake fitowa, sai a na biyar ko na shida kafaɗa ke sauka. Nuna masa a allo. Yara sai da yardar iyayensu. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma wuraren soja da na 'yan sanda da wasu gine-ginen gwamnati an hana ɗaukarsu a ƙasashe da dama. Tashoshin jirgi da gidajen tarihi da manyan kantuna na da nasu ƙa'idojin, sau da yawa kan ƙafar kyamara da filasha. Tambayi malamin abin da ya shafi birnin da kuke. Hoton da za a yi talla da shi kuma yana buƙatar rubutacciyar yardar wanda ke ciki.

La'asar sakaliya zuwa almuru

Awa ta ƙarshe kafin rana ta faɗi haskenta daga gefe yake zuwa, mai ɗumi, yana fito da ƙirar bango da fuska. A cikin birni benaye kan tare shi tun kafin lokacin faɗuwar da waya ke nunawa, don haka isa wurin da wuri. Bayan ta faɗi kada ka tattara kaya. Akwai ɗan lokaci, minti 20 zuwa 40 gwargwadon wuri da lokacin shekara, da sama ke yin shuɗi mai duhu, fitilun gari sun kunnu, hasken biyun ya zo daidai. Mafi kyawun hoton birni da dare a nan ake samunsa. Da sama ta yi baƙi ƙirin, gine-gine sun rasa siffa.

Kafa ƙafar kyamara a ƙasa mai ƙarfi, ka fara buɗe sassanta masu kauri, kada ka ɗaga sandar tsakiya sai dole. Gada tana rawa idan manyan motoci na wucewa, a kanta sai ka jira tsakanin wucewarsu. Koma M, ka kashe ISO mai sarrafa kansa ka sa 100, ƙofa f/8 ko f/11. Kashe na'urar hana girgiza, domin a wasu lensuna takan yi ta neman girgizar da babu har ta haifar da ita. Sa jinkirin daƙiƙa 2 don taɓawar yatsanka ta lafa kafin shata ta buɗe. In fokos na kai da komo a duhu, mayar da shi na hannu, ka zuƙo wata fitila mai nisa a allo ka juya zoben har ta zama ɗigo ƙarami. Gudun shata kuma haske ne zai faɗa maka: za ka fara da kusan daƙiƙa 1, cikin 'yan mintuna ka kai 8 ko 15, don haka duba histogiram bayan kowane ɗauka. Daga daƙiƙa 8 zuwa sama fitilun motoci na zama dogayen layuka ja da fari. A f/16 fitilun titi na fitar da tsinkaye kamar tauraro.

Idan ka sauko ka koma ɗauka da hannu, buɗe ƙofa iyakarta ka bar ISO ya hau. Hoto mai ɗige-ɗige ana gyara shi, wanda ya girgiza sai shara. In ka ga ratsi-ratsi a kwance a ƙarƙashin fitilun LED, shata ta lantarki marar ƙara ce ke karo da ƙyaftawar wutar. Koma shata ta inji, ko ka sauko zuwa 1/50 a ƙasashen da wutarsu ke kan 50Hz, 1/60 a masu 60Hz.

Daren nan, komai gajiya, kwafe hotunan zuwa kwamfuta da kuma wani faifan ajiya na waje, a folda mai suna da shekara, wata, rana da wuri. Ba a goge kati sai hotuna na wuri biyu. Sa batura a caji. Sannan ka tace: zagayen farko ka yi alama kan waɗanda suka tsayar da idonka kawai, ba tare da dogon tunani ba, na biyu ka zuƙo ka duba kaifi. Daga ɗaruruwa ka sauko zuwa goma.

Lahadi: wuri ɗaya, hoto goma

Bitoci da yawa na ba da aikin ba da labarin wuri guda, kasuwa ko tasha ko unguwa. In ba a ba ka ba, ba kanka. Ɗauki lensi ɗaya, ko ka tsayar da zum a tsawo ɗaya, domin ƙafarka ta yi aikin. Kana buƙatar hoto mai faɗi da ke nuna ina ne nan. Na tsaka-tsaki da ke nuna mutane cikin aikinsu. Fuska ɗaya ko biyu. Ƙananan abubuwa daga kusa, kamar hannun mai sana'a da kayan aikinsa da rubutun allon titi. Da wani mai motsi. Yawancin masu dawowa daga tafiya hotunansu duka daga nisa ɗaya ne kuma daga tsayin ido, shi ya sa mai kallo ke gajiya a na biyar. Don hoton motsi gwada bin abin hawa da kyamara: yanayin S ko Tv, inda kai ke zaɓen gudun shata, shata 1/30, AF-C, ka juya daga ƙugu kana bin mai keke, ka danna ba tare da ka tsaya ba. Yawancinsu za su lalace, haka abin yake ga kowa, amma wanda ya dace mai keken zai fito da kaifi bayansa ya zama zane.

Wajen gyara, Lightroom na Adobe ne aka fi koyarwa da shi, kuma biyansa ake yi. darktable da RawTherapee kyauta ne, haka ma Digital Photo Professional na Canon da NX Studio na Nikon ga masu kyamarorinsu. Jerin aikin ɗaya ne a ko'ina: kunna gyaran lensi, miƙe hoton, yanke, daidaita launin fari, sannan hasken gaba ɗaya, rage wurare masu haske, ɗago inuwa, sai launi, rage ɗige-ɗige da ƙara kaifi a ƙarshe. Launin fari da Kelvin ake auna shi: hasken rana kusan 5500, inuwa kusan 7000, tsohon ƙwan fitila mai ja kusan 3000. A RAW ana canza shi bayan ɗauka ba tare da asara ba. Hannun sabon mai gyara nauyi gare shi. Yakan ɗago inuwa har hoton ya rasa zurfi, ya cika launi har fata ta koma ruwan lemo, ya ƙara kaifi har farin zare ya zagaye gefen gine-gine. Rage hasken allon kwamfutar zuwa kusan rabi, in ba haka ba hotunanka za su fito da duhu a takarda da allon wasu. Don intanet, fitar da JPEG a tsarin launi na sRGB, dogon gefe fiksal 2048, inganci 80 zuwa 85, ka cire bayanan wurin da aka ɗauka in hoton gida ne ko masauki. Don bugawa bar shi da cikakken girmansa. Hoto mai fiksal 6000 a 4000 yana kai kusan santimita 50 a 34 a ingancin ɗigo 300 a kowane inci.

Zaman duba hotuna shi ne abin da ka biya kuɗi dominsa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cikin goman da za ka miƙa, sa biyu ko uku da suka ba ka haushi ba ka san dalili ba. Kowane hoto na ɗauke da bayanan ƙofa da shata da ISO da tsawon lensi a cikinsa, malami na duban su zai gane abin da ya faru. Kada ka fara bayanin wahalar da ka sha kafin ka samu hoton. Bari a kalla tukuna, ka ji inda idon mutane ya fara sauka. In ba a kan abin da ka nufa ya sauka ba, hoton ne bai faɗa ba. Yi tambaya takamaimai: a ina ya kamata in tsaya, me zan yanke, wane lokaci ya fi dacewa da wurin nan. Rubuta amsar. Saurari abin da ake faɗa kan hotunan sauran ma, domin wuri ɗaya kuka je, za ka ga abin da wani ya gani kai ka wuce shi.

Idan tafiyar gaske ta zo

A makonnin da ke biye ka maimaita aikin hoto goma a wurare daban-daban, in ba haka ba yatsu za su manta. Kafin tafiya gwada tsabtar sensa: f/16, ɗauki sama ko farar takarda, ka zuƙo. Baƙaƙen ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoto ƙura ce. Cire lensi, kifa kyamarar, ka hura da robar iska. Kada ka hura da baki, kada ka sa ƙyalle. Wajen canza lensi a waje kashe kyamarar, ka juya wa iska baya. A jirgin sama baturan lithiyam na ƙari a jakar hannu ake sa su, ba a kayan da ake aunawa ba, kuma a rufe bakinsu don kada su haɗu da ƙarfe. Da ka sauka gyara agogon kyamara zuwa na ƙasar. Fita daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa waje mai zafi da laima na sa gilashi ya yi gumi ciki da waje. Bar kyamarar a cikin jaka a rufe minti 20 zuwa 30 ta ɗauki zafin wurin kafin ka buɗe. Kowane dare kuma, bayan kwafe hotuna, mayar da ita saitinka na kullum: yanayin A ko Av, f/5.6, ISO mai sarrafa kansa, +/- a kan sifili, jinkirin daƙiƙa 2 a kashe, fokos mai sarrafa kansa da na'urar hana girgiza a kunne. In ba haka ba, hoton farko na safiya da saitin daren jiya za a ɗauke shi.